Sanarwar farko: haɗarin aiki, na'ura da zaman kotu a Magariya da Dungas

Awa 48 doka ta bayar. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki a Nijar, ko a hanyarsa ta zuwa aiki, ko ta komawa gida, wajibi ne wanda ya ɗauke shi aikin ya sanar da asusun ma'aikata na CNSS da sufeton ƙwadago kafin kwana biyu su cika. Daga wannan sanarwa komai yake tasowa: kuɗin magani, kuɗin kwanakin jinya, fanshon nakasa, da haƙƙin mata da marayu idan rai ya yi halinsa. In ba a yi ta ba, ko aka yi ta a karkace, ranar da magana ta kai gaban alƙali ma'aikacin zai shiga kotu ba shi da abin nunawa sai tabon da ke jikinsa.

A Yamai kwana biyu ba abin damuwa ba ne, ofis yana nan kusa. A kudancin jahar Damagaram lissafin daban yake. Daga Magariya zuwa birnin Damagaram kimanin kilomita 90 ne, kuma a can ne manyan ofisoshin jaha suke: na CNSS, na sufeton ƙwadago, babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara. Mutumin Malawa ko Dogo-Dogo ko Guci, a gundumar Dungas, tafiyarsa ta fi haka, wani lokaci ma cikin rairayi, da damina kuwa sai yadda hanya ta yarda. Gundumomin nan biyu ba ƙananan wurare ba ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a Magariya da fiye da dubu 350 a Dungas, wadda aka ciro daga jikin Magariya a 2011. Yau adadin ya wuce haka nesa. Yanki ne da ke cikin mafiya cunkoson jama'a a karkarar Nijar, mutane masu aiki da hannu: magina, masu walda, masu injin niƙa, ƴan dako a kasuwannin kan iyaka, ƴan kabu-kabu, masu saran rake a fadamun Waca da Bande, masu haƙar rijiya.

Shi ya sa maganar aika sanarwar haɗari ta kwamfuta ko ta waya take da daɗin ji a nan fiye da ko'ina. Duniya ta kama wannan hanya. A cikin ƙasashen ƙungiyar CIPRES, wadda aka kafa a 1993 don daidaita asusun ma'aikata na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci kuma Nijar ke cikinta, asusu irin na Kodibuwa ya riga ya buɗe ƙofar intanet ga masu kamfanoni. A Nijar ma hukumar haraji tana karɓar bayanan manyan ƴan kasuwa ta na'ura. Ranar da sanarwar haɗarin aiki za ta koma haka baki ɗaya tana tafe. Abin da ya dace a tattauna tun yanzu shi ne yadda wannan sauyi zai taɓa zaman shari'a, domin inda aka riga aka yi shi an ga ya taɓa shi ƙwarai, ta fuskar alheri da ta akasinsa.

Abin da doka ta tanada

Tsarin biyan diyyar haɗarin aiki tsoho ne. Jamus ta fara shi a 1884, Faransa ta bi a 1898, sannan wata dokar Faransa ta 1957 ta shimfiɗa shi a ƙasashen da take mulka. Bayan samun ƴancin kai Nijar ta kafa CNSS a 1965, kuma dokar ƙwadago da ake aiki da ita yanzu ta 2012 ce. Ginshiƙin tsarin guda ne: ba a tambayar laifin wa. Ma'aikaci ba sai ya tabbatar da cewa maigidansa ya yi sakaci ba. Ya isa a ce raunin a dalilin aiki ya same shi. Maigida shi kaɗai ke zuba kuɗin wannan reshe, kashi 1.75 cikin ɗari na albashi, ba a cire ko dala daga aljihun ma'aikaci.

Mutanen yankin ba baƙin maganar diyya ba ne. Duk almajirin da ya karanta Risala a zaure ya san malaman Malikiyya sun ƙayyade diyyar rai raƙuma ɗari, ta kowane yatsa raƙuma goma. Bambancin shi ne waccan diyya tana hawa kan wanda ya yi ɓarnar ko danginsa, wannan kuwa asusu ne ke biya, ko da injin ne kawai ya fizgi hannu babu wanda ya tura shi. Mutane da yawa ba su san wannan bambanci ba. Suna jin nauyin neman haƙƙinsu domin suna ganin kamar tuhumar maigida za su yi, alhali maigidan da ya yi rajista ba daga aljihunsa kuɗin za su fito ba.

Abin da asusun ke biya kuwa a bayyane yake. Magani kyauta ne. Kwana 28 na farko na jinya ana biyan rabin albashin yini, daga rana ta 29 a koma kashi biyu cikin uku. Idan rauni ya bar nakasa, likita ne ke auna ta da kaso cikin ɗari. Wadda ba ta kai kashi 10 ba, dunƙulen kuɗi ake bayarwa sau ɗaya. Daga nan zuwa sama fansho ne, kuma ga yadda ake lissafinsa: abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 ana ƙara masa rabinsa. Wato mai albashin jika ɗari a wata da likita ya rubuta masa nakasar kashi 30 zai riƙa samun kimanin jika 15, wanda aka rubuta masa kashi 60 kuwa kimanin jika 40. Dubi yadda lamba ɗaya da aka rubuta a cikin dosiye take yanke abincin gida na shekaru. Albashin da aka rubuta, ranar da aka rubuta, kason da aka rubuta: a kan waɗannan ake fafatawa idan an je kotu.

Inda na'ura ta riga ta shiga

A Amurka kowace jiha tana da hukumarta ta diyyar ma'aikata, kuma ƙungiyar da ta haɗa su, IAIABC, ita ta fitar da ma'auni guda na aika bayanai tsakanin kwamfutar kamfanin inshora da ta hukuma. Jihar Niyok ta koma wannan tsari daga 2013. Kafin nan takarda ce ake cikewa a aika ta gidan waya. Bayan nan sanarwar farko da duk abin da ya biyo baya, fara biya, dakatar da biya, ƙin amincewa da dalilinsa, duk suna shiga ne a matsayin bayanai masu ɗauke da rana da sa'a. Dokar jihar tana ba kamfanin inshora kwana 25 ya bayyana cewa yana jayayya, daga ranar da hukuma ta sanar da shi an buɗe dosiye. In ya makara, ya rasa damar cewa mutumin ba ma'aikacinsa ba ne ko haɗarin bai auku ba. A zamanin takarda ana iya cinye zama guda ana musun yaushe aka aika wasiƙa. Yanzu alƙali yana duba allo ya ga ranar, a wuce wurin. Jihar ta kuma fara zaman sauraron ƙara ta bidiyo tun kafin annobar korona, a 2020 kuwa duk zaman ya koma haka.

Faransa ta ƙara wani abu da ya fi jan hankalina. A can ma awa 48 ne, kuma maigida yana iya sanarwa ta intanet. Yana da kwana 10 ya rubuta shakkunsa in yana da su, asusun kuma yana da kwana 30 ya yanke ko ya buɗe bincike, in ya yi shiru an ɗauka ya amince. Tun ƙarshen 2019, idan an buɗe bincike, ma'aikaci da maigida kowa yana amsa tambayoyi ta intanet, sannan a buɗe musu dosiyen su duka biyun su karanta abin da ɗayan ya ce, su rubuta nasu martani kafin a yanke. Ma'aikaci yana ganin abin da aka faɗa a kansa tun magana ba ta kai kotu ba.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai biyu shi ne na'ura tana kashe musun kwanan wata, amma tana ƙara wa rubutun farko nauyi. Abin da aka shigar ranar farko yakan bi dosiyen har ƙarshe. Takarda ana iya ɓatar da ita, ana iya yi mata ƙari a gefe da biro. Abin da ya fito daga kwamfuta kuwa mutane kan ɗauke shi tamkar gaskiyar da ba a taɓawa, har da wasu masu shari'a, alhali mutum ne ya zauna ya buga shi, kuma sau da yawa mutumin ɓangare ne a cikin rigimar.

A kawo shi Magariya

A ƙaddara wani lebura ne a wurin ginin aji a Kwaya, wanda ɗan kwangila ya ɗauko daga ƙauye. Tsani ya zame da shi, ƙugu ya goce. A yadda aka saba, abokan aiki za su kai shi wajen mai ɗori ko asibitin gunduma, ɗan kwangila ya ba da jika biyar ko goma na magani, a ce Allah ya kiyaye gaba. Bayan wata shida, ƙafa ta ƙi komawa daidai, noma ya gagara, sai wani ɗan boko a dangi ya ce ai akwai haƙƙi. Doka ta ba shi dama: in maigida bai sanar ba, shi ma'aikacin ko iyalinsa suna iya sanarwa har cikin shekara biyu. Sai a kama hanyar Damagaram. Sufeton ƙwadago zai nemi sulhu, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago, inda alƙali ke zama da mataimaka daga ɓangaren masu ba da aiki da na ma'aikata. Shari'ar kyauta ce a doka. Kuɗin mota, kwana a birni da ɗauko shaidu kuwa ba kyauta ba ne, kuma kowane ɗage zama sabon kuɗin mota ne. A wurin zaman tambayoyin farko su ne: wace rana? Wa ya gani? Ina takardar ɗaukar aiki? Nawa ake biyanka? Shaidun sun tafi cin rani Kano ko Legas ko Libiya. Littafin asibiti ya ce an kawo shi da rauni, bai ce daga wurin aiki ba.

Yanzu a ƙaddara akwai hanyar da zai bi, ko ɗan'uwansa, ko ma'aikacin jinyar da ya karɓe shi, a aika saƙo ranar da abin ya faru, a karɓi lamba a waya. Rabin waɗancan tambayoyi sun faɗi. Rana ta tabbata, wuri ya tabbata, sunan wurin aikin yana ciki, bayanin likita na farko yana maƙale. Zaman kotun zai koma kan abin da ya cancanci zama: kason nakasa da adadin albashi. Da yawa ma ba za su kai kotu ba, domin ɗan kwangilar da ya san akwai rubutu mai kwanan wata zai fi saurin yarda da sulhu a gaban sufeto. Kuma in an tanadi ɗaki guda mai allo a kotun Magariya, mai rauni ba sai ya sha jijjigar hanya da karyayyen ƙugu ba.

Wannan ita ce fuskar alherin, kuma ba ƙarama ba ce. Sai dai duk ta rataya ne a kan wa aka ba damar aikawa. Idan aka gina tsarin yadda aka fi gina irinsa, wato ƙofar intanet ta masu kamfani kaɗai, mai lambar rajista da kalmar sirri, to an miƙa alƙalamin ga ɓangare ɗaya. Maigida mai gaskiya zai rubuta gaskiya. Wanda ba shi da ita zai rubuta cewa leburan a kan babur ɗinsa ya faɗi ranar hutu, ko ya rubuta mafi ƙarancin albashi, jika 42 da doka ta tsayar tun farkon 2024, ga mutumin da yake biya ninkin haka a hannu. Leburan ba zai san abin da aka rubuta ba sai ranar da aka karanta masa a kotu da Faransanci. A nan na'ura ta ƙara masa nisa da haƙƙinsa, domin yanzu ba da bakin maigida kaɗai yake jayayya ba, har da abin da ake kira bayanan hukuma.

Waɗanda ba su cikin littafi

Akwai matsalar da ta girmi wannan. Kusan tara cikin goma na masu aiki a Nijar ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma a Magariya da Dungas abin ya fi haka tsanani. Masu lambar CNSS a yankin ana iya lissafa ire-irensu: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji irin su likitocin MSF da ke tallafa wa sashen yara na asibitin Magariya tun 2005, ma'aikatan kamfanonin wuta da ruwa da waya, wasu na ma'aikatun magajin gari, wasu na manyan ƴan kwangila. Dattawa suna tuna zamanin gyaɗa, lokacin da masana'antar mai ta SEPANI ke aiki a Magariya, ana da ma'aikata masu albashin wata. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sun karya wannan kasuwa, kuma babu wata masana'anta mai girmanta da ta maye gurbi. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana can arewa da Damagaram.

Saura kuwa aikin amana ne: yaron shago, yaron mota, ɗan koyo a gareji, yarinyar da ke tura gero a bakin injin. In yatsa ya tafi, magana takan ƙare a zauren mai gari ko fadar sarki, a yi sulhu, sau da yawa a ce ƙaddara ce, an yafe. Ban raina wannan sulhu ba, yana kashe wuta tsakanin maƙwabta, kuma doka ta san da shi. Amma ba ya barin rubutu, saboda haka a idon ƙididdiga haɗarin bai auku ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa kowace shekara sakamakon haɗari da cututtukan aiki, ta kuma sha nanata cewa ƙasashe matalauta ba sa kawo rahoton mafi yawan nasu. Lokacin da ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa na jahar Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, aƙalla mutum 18 suka rasu, kuma duniya ta ji ne domin sun mutu tare. Mai haƙar rijiyar da ƙasa ta rufe shi kaɗai a wani ƙauyen Yekuwa, danginsa ne kawai za su ƙirga shi.

Ina ganin a nan ne tsarin na'ura zai iya yin abin da takarda ba ta taɓa yi ba, in an yarda ya karɓi sanarwa ko da maigida ba shi da rajista. Rashin rajista laifin mai ba da aiki ne, ba na wanda ya ji rauni ba. Sanarwar da ta shigo ba tare da lambar kamfani ba ita ce za ta nuna wa sufeto inda zai je. Tsarin da ke mayar da irin wannan sanarwa da cewa ba ta cika ba, ya rufe ƙofa ga mafi yawan mutanen yankin tun daga allon farko.

Sai maganar iyaka. Rabin rayuwar Magariya da Dungas a Najeriya take: kasuwar Maigatari ranar Alhamis, Babura, Babban Mutum, Daura, Kano. Wanda ya ji rauni a can dokar Najeriya ta 2010 ce ta hau kansa, wadda asusun NSITF ke gudanarwa da kashi ɗaya cikin ɗari na albashi. A can ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da maigida, maigida yana da kwana 7 ya sanar da asusu, neman diyya kuma cikin shekara guda, ƙara kuma a kotun ma'aikata ta ƙasa. Ɗan cin rani da ya karye a wurin gini a Kano yakan tattara ya dawo gida jinya, wa'adin ya ƙare yana kwance a Tsatsumburum. Babu kwamfutar da ke Yamai da za ta san da shi.

Wuta, rezo da suna

Abubuwa uku na ƙasa za su gwada duk wani tsari. Wutar yankin Damagaram da Maraɗi ta daɗe tana dogara da layin da ke zuwa daga Najeriya, kuma kowa ya ga abin da ya faru daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har watanni. Wa'adin awa 48 da ba ya la'akari da ɗaukewar wuta ko rezon waya zai hukunta mai gaskiya. A ƙauyukan bakin iyaka ma waya takan kama layin Najeriya ta saki na gida. Tsarin da zai yi aiki a nan sai ya zama mai bin gajeren saƙo da ƙaramar salula, irin yadda mutane suka riga suka saba karɓar lambar kuɗi daga Nita ko Amana, ba mai buƙatar babbar waya da kuɗin intanet ba.

Na biyu suna ne. Mutum guda yana iya zama Mahamadou a katin ɗan ƙasa, Mamadou a littafin asibiti, Mamman a bakin maigida, ga shekarar haihuwa da aka rubuta da ƙiyasi a takardar kotu. Ma'aikacin ofis mai hankali yana gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta tana ganin mutum uku, ta ajiye dosiyen gefe. Idan mutuwa ce abin ya fi ciwo: fanshon matar mamaci kashi 30 ne na albashi, ana raba shi tsakanin mata in sun fi ɗaya, marayu kuma da nasu kason, amma sai an nuna takardar aure da ta haihuwa, ga shi yawancin aurarrakin karkara a gaban liman da shaidu aka ɗaura su, ba a kai ma'aikatar magajin gari ba. Dole a bar wa ɗan Adam ikon duba irin wannan ya daidaita.

Na uku sirri. Dosiyen haɗari yana ɗauke da bayanin jikin mutum. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita. A gari ƙarami inda ƴan kwangila suka san juna, jerin sunayen waɗanda suka taɓa neman diyya yana iya zama jerin waɗanda ba za a sake ɗauka aiki ba. Wanda zai iya buɗe dosiye, da alamar da zai bari in ya buɗe, abu ne da ya kamata a rubuta a doka kafin a kunna na'ura.

Harshe kuwa yanzu ba shi da uzuri. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ma'aikacin Dungas ya cancanci a karanta masa, ko ya saurara a wayarsa da muryar Hausa, abin da maigidansa ya rubuta a kansa: rana kaza, wuri kaza, albashi kaza. In ya ce ba haka ba ne, a rubuta musunsa kusa da na maigidan da kwanan watansa, kada a goge ko ɗaya, alƙali ya ga duka biyun a allo guda. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN, waɗanda ke da kujeru a inda ake tattauna harkar asusun, su ne ya kamata su riƙe wannan buƙata tun ana zana tsarin, domin bayan an gama gina shi an biya kamfanin da ya gina, sauya gurbi ɗaya a cikinsa yakan ɗauki shekaru. Cibiyoyin lafiya na karkara su ma a ba su gurbi guda a rajistarsu mai tambayar ko a wurin aiki aka ji raunin, domin ma'aikacin jinya shi ne jami'in gwamnati na farko, sau da yawa ma na ƙarshe, da mai rauni a Guci ko Bande yake gani a cikin waɗancan awa 48.